Ranar da bidiyon bikin ƙanwata ya ƙi tafiya

Bayan bikin ƙanwata da mako ɗaya, dangi suka taru a gidanmu na Yelwa, a nan Garwa, za a kalli bidiyo. Na jona kwamfutata da talabijin, na kunna. Muryar maroƙi tana tafiya daidai, amma amarya ta ƙame da mayafi a hannu, can sai ta yi tsalle ta bayyana a bakin ƙofa. Goggo ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, na'urar taka zazzaɓi take yi?" Ba ta yi ƙarya ba, fankar ciki tana ta huci, ga zafin Afrilu wanda a garin nan yake haura digiri 40.

Kowa ya kawo maganinsa. Wani ya ce intanet ne, alhali fayil ɗin a kan kwamfutar yake. Kawu ya ce a sayi sabuwa, kamar kuɗin tsinto su ake yi.

Ta hannu na saye ta, Core i5 ce zubi na huɗu, irin na 2013. Washegari na buɗe Gestionnaire des tâches, wajen da ke nuna aikin da kwamfuta take yi (Windows ɗinmu na nan da Faransanci take magana), na ga firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, a kan kashi 100 muddin bidiyo yana tafiya. A nan na gane inda gizo ke saƙa. Bidiyo a matse yake zuwa, sai an warware shi hoto bayan hoto, sau 30 ko 60 a daƙiƙa. Hoton 1080p yana da ɗigo miliyan biyu da 'yan kai, na 4K ya haura miliyan takwas. A ɓangaren hoto na kwamfuta akwai wani ɗan sashe da aka ƙera don wannan aikin kaɗai, yana yinsa ba gumi. In bai karɓi aikin ba, sai kayan su faɗo kan firosesa, ita kuwa kamar a ɗora wa jaki kayan raƙumi ne.

Matsala ta farko daga wajen gyara ta zo. Mai gyaran da ya sake zuba min Windows bai sa direban hoto na Intel ba, wato manhajar da ke haɗa Windows da ɓangaren hoto, ya bar na wucin gadi. Da na sauke na ainihi, na shiga saitin VLC, manhajar da nake kunna bidiyo da ita, wajen Entrée / Codecs, na tabbatar aikin warwarewa yana kan Direct3D11, zaɓin da ke miƙa aikin ga wancan sashen hoto, sai tsofaffin bidiyoyina na 1080p suka riƙa tafiya sumul, fanka ta yi shiru.

Na biki kuwa ko gezau.

Wannan ne ya ci min dare biyu. Ashe ƙanin ango da iPhone ya ɗauka, a 4K, ita kuma tun 2017 da tsarin HEVC, wato H.265, take matse bidiyo in ba ka sauya ba. Tawa na'urar H.264 ta iya, tsarin da ya fito a 2003. Sai a zubi na shida Intel ta sa cikakken sashen warware HEVC, zubi na bakwai ya ƙaro VP9, tsarin da YouTube ke matse bidiyo da shi. Ba saitin da zai koya wa ƙarfe yaren da ba a ƙera shi da shi ba, don haka masu cewa a ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, a kan wannan cutar kuɗinka kawai za su ci.

Na ɗauko HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo, na mayar da fayil ɗin H.264 a 1080p. Aikin ya ɗauki sa'o'i, aka ɗauke wuta a tsakiya, batirin da ya tsufa ya mutu, na sake daga farko. Kafin zagaye na biyu sai da na kwance bayan kwamfutar na busa ƙurar hunturu da ta toshe fanka, domin firosesa in ta yi zafi da kanta take rage gudu. A YouTube kuma na sa wata 'yar manhaja mai suna h264ify a Chrome, yana tilasta a turo min H.264. Ba ya wuce 1080p, amma allona ma bai kai nan ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar aka sake taruwa. Amarya ta taka daga zaure har mota ba tuntuɓe. Goggo ta ce a mayar baya wajen kamu, tana son ganin wace ce ta sa atamfa irin tata. Ƙanin ango kuma na karɓi wayarsa, na shiga Réglages, Appareil photo, Formats, na mayar da ita kan Le plus compatible, zaɓin da ke ɗaukar bidiyo da H.264, don yayarsa tana da tsohon ciki, kuma na san bidiyon suna wajena zai biyo.