Daga Kano zuwa Agege da kwalin littattafai

Malaminmu ne ya ce mutanenmu na Agege sun aiko suna neman wanda zai riƙe musu makarantar dare da aikin da'awa, kuma ni ya zaɓa. Na ɗaure Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala a kwali, mahaifiyata ta ƙulla min yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa, na nufi tasha.

Tsakanin Kano da Legas tafiyar kilomita 1,000 ce ko fiye, ya danganta da hanyar da aka bi. Direbanmu ya ce shi da hanyar Birnin Gwari har abada, saboda 'yan bindiga, sai muka miƙe ta Kaduna da Abuja, muka haye Kogin Neja a gadar Murtala kafin Lokoja. Daga duwatsun Okene ƙasa ta sauya, dawa da gero suka ɓace, sai rogo da kwakwar manja da gonakin koko. A kowane shinge tambayar ɗaya ce: "Malam, me ke cikin kwalin nan?" Duk mai irin wannan tafiya kada ya bari a danne littattafansa a ƙarƙashin buhuna, kuma ya yi magana da direba kan tsayawar salla tun kafin mota ta tashi. Mu kasaru muka riƙa yi, mu haɗa azahar da la'asar a gidan mai.

Kusa da ni wani dattijo ne, ɗan kasuwar goro da zai sauka a Sabon Shagamu. Da ya ji abin da zai kai ni, ya daɗe yana tauna goronsa kafin ya ce, "Ɗana, waɗanda za ka karantar ba su mallaki lokacinsu ba, na kasuwa ne. In ka ce sai sun bi agogonka, tabarma za ka yi wa wa'azi." Na ce, "Na gode, Baba."

Daga Ibadan zuwa Legas titin kansa filin addini ne: manyan sansanonin coci-coci, ga filin addu'ar ƙungiyar Musulmi ta NASFAT, ga gosulon da ke tsayar da mota cak. Da muka hango shanun Kara, kasuwar dabbobi da ke bakin shiga Legas, kowa ya fara lalubar takalminsa.

Kafin na buɗe littafi sai da aka kai ni gaisuwa wurin Sarkin Hausawa da limamai. Wannan ba ɓata lokaci ba ne, domin a zango baƙon malamin da bai bi ta ƙofa ba, ko ya fi kowa karatu, ba ya daɗewa. Kuma garin ba fayau yake ba. Yarabawa sun kafa ƙungiyar Musulunci ta Ansar-Ud-Deen a Legas tun 1923, ga Markaz ɗin Shehu Adamu al-Ilori a nan Agege, inda yaran Yarabawa ke zuba Larabci ba gargada. Su kuwa "Alfa" suke kira na, wato malam.

Ɗalibaina mahautan Oko-Oba ne, da 'yan dakon kasuwar Mile 12, da masu gadi, da 'yan garuwa, da 'yan acaba. Tambayoyinsu daga jikin sana'arsu suke fitowa. Mahauci yana son sanin yawan jinin da ke hana salla da riga. Mai gadi yana tambayar Juma'arsa idan maigida ya hana shi barin ƙofa. Wani kuwa, da ya shekara da shekaru a Legas, ya ce min har yanzu kasaru yake yi, tunda iyalinsa na gida, shi matafiyi ne. Sai da muka buɗe Risala ya gani da idonsa cewa a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu tana yanke kasaru. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Malam, na baya fa?" Wannan tambayar ta ci mana daren gaba ɗaya.

Magariba a nan tana bayan ta Kano da kusan minti 20, wasu kuma ba sa tashi daga aiki sai bayan isha'i. Don haka na raba karatun biyu. Mahauta da 'yan garuwa da dare, masu gadi da hantsi bayan sun miƙa aiki. 'Yan dako ne har yanzu muke neman yadda za mu yi da su, domin duk sa'ar da motar tumatir ta iso daga Arewa, ko a tsakiyar aya muke, tashi suke yi.