Allurar Mai Ba Mudu Ba Ce

A watan Afrilun bara, da misalin ƙarfe biyu na rana, motata ta mutu a kan hanyar Illela, jim kaɗan bayan na wuce Gwadabawa. Ta fara da fizga kamar wanda ya sarƙe, na taka totur ta ƙi amsawa, sai na lallaɓa ta zuwa gefen titi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne allurar mai tana nan tsaye daram a kan kwata, fitilar gargaɗi ma ba ta kama ba. Ina cikin duba batir da fulogi a wannan rana mai ƙuna, sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaya, ya kara kunne a bakin tanki yana girgiza motar, ya ce, "Alhaji, ai babu ko ɗigo cikin wanga tanki." Shi ne ya koma ya samo mini galan guda wajen 'yan bumburutu, Allah ya saka masa da alheri.

Da na dawo Sakkwato na kai motar wurin bakanikena, kuma na tsaya a kansa domin in ga abin da idona. Ya ɗage kujerar baya, ya kwance wani faifai, ya zaro famfon mai ɗungurugum yana ɗigar fetur. A jikin famfon akwai wani ɗan baƙin abu mara nauyi, bai fi akwatin ashana ba, wanda ke yawo a saman fetur kamar goran masunta a kan ruwan Rima. An ɗaura shi a kan siririn ƙarfe mai lanƙwasa, can ƙarshen ƙarfen kuma akwai ɗan harshe da ke goga wani ƙaramin allo mai layi-layi kamar haƙoran mataji. Idan mai ya ragu sai abin ya sauka, harshen ya matsa, ƙarfin wutar da ke zuwa gaban direba ya sauya, allura ta bi. A tawa motar layukan da ke daidai kwata sun cinye har sun yi rami, harshen yana maƙalewa a wurin. Ya ce mini, "Malam, tun da mai ya yi tsada kullum a nan motarka take zama, shi ya sa nan ya fara cinyewa." Gaskiya ya faɗa, domin tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 da wuya in cika tanki, sai dai in sha na kwana biyu ko uku. A motoci da yawa kuma fitilar gargaɗi daga wannan na'urar take samun labari, saboda haka idan ta maƙale, su biyun ne za su yi shiru tare.

To, wannan lalacewa ce, kuma an canja mini na'urar. Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne abin da na fahimta daga baya, wato ko lafiyayyar allura ƙiyasi kawai take bayarwa. Tankin mota ba shi da siffar bokiti. Ana ƙera shi ne ya bi duk inda ya sami wuri a ƙarƙashin kujera da gefen salansa, wani wuri ya yi faɗi, wani wuri ya tsuke, alhali kuwa na'urar tsayin mai take aunawa, ba yawansa ba. Idan aka cika tanki, abin yawon yakan kai ƙarshen tafiyarsa ya nutse tun kafin mai ya kai baki, shi ya sa allura kan daɗe a kan F har mutum ya fara yabon motarsa, daga baya kuma ta riƙa zubowa da sauri. A can ƙasa masu ƙera mota sukan bar 'yan litoci da gangan bayan allura ta kai E. Idan mota na hawa tudu ko an ajiye ta a karkace, karatun yakan sauya, kuma an tsara allurar ta riƙa amsawa a hankali don kada ta yi ta rawa a kowane rami.

Na gwada da kaina. Tankina lita 50 yake ɗauka. Na cika shi har famfon gidan mai ya katse da kansa a karon farko, na mayar da ma'aunin kilomita sifili, na yi ta zirga-zirgata har allura ta sauka daidai rabi, sannan na koma wannan famfon dai na sake cikawa. Lita 29 ta sha, ba 25 ba. Tun daga nan nake raba kilomita da lita in san abin da motar ke ci, kuma da wannan lissafin nake shirin tafiya Birnin Kebbi ko Gusau. Haka kuma na daina saurin zargin ma'aikacin gidan mai don kawai allura ba ta ɗaga yadda nake so ba. Ana samun famfunan da ke tauye mudu, kuma aikin NMDPRA ne, wato hukumar da ke sa ido kan gidajen mai, ta kama su, amma wanda yake son hujja jarka mai sanannen awo zai riƙe, domin allurar da ke iya kuskuren lita huɗu ba za ta zama shaida a kan lita ɗaya ba.

Inda wannan magana ta fi tsanani shi ne wurin masu injin da ake gauraya wa baƙin mai a cikin fetur. Ɗan yayata yana da shagon aski da cajin waya, kuma ɗan ƙaramin janareto ne ke riƙe da shagon, irin mai hayaƙin nan da tankinsa bai wuce kimanin lita huɗu ba. Irin wannan inji, da injin yankan itace, da tsofaffin babura irin su Vespa ta da, bugu biyu suke yi, wato fistin kan hau ya sauka sau ɗaya kawai a duk ƙunar mai, kuma ba su da rumbun baƙin mai a ƙasa kamar injin mota. Fetur ɗin da ke shiga shi ne ke ratsa cikin injin ya shafa wa fistin da boris mai kafin ya ƙone, saboda haka ran injin gaba ɗaya yana rataye a kan ɗan abin da aka gauraya. Galibin waɗannan ƙananan janareto ana haɗa musu kashi 50 na fetur da kashi 1 na baƙin mai, wato mililita 20 a kowace lita. Injin da aka rubuta masa 40 da 1 yana son mililita 25, na 25 da 1 kuma mililita 40.

Na tarar da yaron wata rana da yamma yana zuba mai. Ya buɗe murfi, ya leƙa da fitilar waya, ya ce saura rabi, ya ƙara fetur har baki, sannan ya ɗauko gwangwanin tumatir ya tsiyaya baƙin mai na cikakken tanki ya juye a kai. Na tambaye shi ina lissafin man da ke cikin ragowar jiya, sai ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ai gara ya yi yawa da ya yi kaɗan." Na fahimci tsoronsa, domin idan baƙin mai ya yi kaɗan fistin yakan yi zafi ya kama bango, injin ya buga, kuma a zafin bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40 wannan ba ya ɗaukar lokaci. Amma yawan ma yana da nasa kuɗin. Da na sa ya kwance fulogi, bakinsa ya yi baƙi ƙirin yana danƙo, salansa ta toshe da gawayi har injin ba ya iya ɗaukar abin aski biyu tare da fanka, ga hayaƙin da shi da masu jiran aski suke shaƙa kullum. Ƙari a kan haka, baƙin man mota yake zubawa, wanda ba a yi shi don ya ƙone ba kuma yakan bar toka, alhali akwai wanda aka rubuta wa 2T musamman don wannan aiki.

Kuskurensa da nawa na hanyar Illela iri ɗaya ne: dukanmu mun ɗauki tsayin mai a tanki a matsayin awo. Wanda zai gauraya mai, abin da ya shafe shi shi ne litar da zai ƙara yanzu, kuma wannan a jarka ake saninta kafin ta shiga tanki. Abin sha'awa, motar Trabant da aka riƙa ƙerawa a garin Zwickau na tsohuwar Jamus ta Gabas injin bugu biyu gare ta, gauraye take sha, kuma shekara da shekaru ba ta da allurar mai ko kaɗan, sai wata 'yar sanda mai zane da direba ke tsomawa a tanki. Ita ma Volkswagen Beetle da iyayenmu suka hau ba ta sami allura ba sai farkon shekarun 1960. Kafin nan wani ɗan hannu ake murɗawa ya buɗe ragowar mai idan ta fara fizga.

Akwai kuma direbobin da nake jin suna cewa suna ɗiga baƙin mai a tankin mota don injin ya yi laushi a lokacin zafi. Ban yarda da wannan ba, kuma ina roƙon mai yi ya bari. Injin motarmu bugu huɗu yake yi, yana da rumbunsa da famfon da ke kai mai ko'ina, kuma man da aka ƙara a fetur ba abin da zai yi sai ɓata fulogi, da dusashe na'urar da ke auna iskar hayaƙi, da toshe matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda canja ta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Waɗanda suke da hujja su ne masu Mazda RX-7 da RX-8, domin injinsu mai juyawa ne, kuma tun daga kamfani an yi shi yana ƙona ɗan baƙin mai ta wani ƙaramin famfo, wasu masu shi kuma sukan ƙara a fetur don ba su amince da famfon ba idan ya tsufa. Su ma da litar da famfon gidan mai ya nuna suke lissafi.

Shi kuwa ɗan yayata, washegari na saya masa sirinji mai mililita 20 a kemis, da jarkar lita huɗu, da gorar 2T. Sirinji huɗu yake zubawa a jarka, ya bi da fetur, ya rufe ya girgiza sosai, kuma daga wannan jarkar kaɗai janareton ke sha ko da nawa ya rage a tanki. Mun ƙona gawayin salansa, mun sa sabon fulogi, kuma da na biya ta shagon a makon da ya wuce na tarar da abin aski biyu da fanka suna aiki tare.