Daga taron likitocin Tawa

Yau a taron ƙungiyarmu ta likitoci a Tawa, hira ta karkata kan zazzaɓin cizon sauro. Mu da muka fara aiki zamanin nibakin, tsohon maganin wannan zazzaɓi, duk yaron da jikinsa ya yi zafi shi ake ɗura masa. Yanzu sai an ɗiga jini a gwajin gaggawa da ake kira TDR, minti 15 sakamako ya fito. Iyaye kan yi gunaguni in gwaji ya ce babu, wai lokotoro ya hana magani. Ni kam gara gunagunin da sanƙarau, wanda shi ma ke kawo zafin jiki, ya kuɓuce mana. Ga ƙwayoyin rigakafin damina na yara ƴan wata 3 zuwa 59, ga allurar rigakafin zazzaɓin da aka ƙaddamar a Gaya a 2024. Abokan aikinmu na karkara, kayan gwajin sun iso muku kuwa?