Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Azumin da Na Cika Shekara 63

A makon jiya na tsaya a inda na ajiye aikin koyarwa na koma zaman majalisa a ƙofar gida. To wannan majalisar ce ta watse a azumin 2020.

Wanda yake Kano a lokacin ba sai an ba shi labari ba. An kulle gari saboda korona, ganin likita ya yi wuya, ga zafin bazara, sai dattawa suka riƙa tafiya bi da bi. Da asuba a bugo waya a ce wane ya rasu, kafin la'asar a ce wane ma ya bi shi. Daga baya ministan lafiya ya ce an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi 8 na cikin birni, yawancinsu sun haura shekara 65. Cikinsu har da aminina tun muna makarantar allo. Da muka kai shi maƙabartar Ɗandolo na ga masu haƙar kabari, ƙura ta rufe musu gira, leɓe ya bushe da azumi, suna gama wannan ana nuna musu inda za su fara wani.

A shekarar na cika 63, daidai shekarun Manzon Allah (SAW) a duniya. Ga kuma hadisin da ya ce shekarun al'ummarsa tsakanin 60 ne zuwa 70, kaɗan ne ke wucewa. Wallahi sai na ji ina matuƙar son a ƙara mini kwana. Autata tana sakandare, ban sauke farali ba, kuma Inna tana raye, ni ne ɗanta namiji da ya rage.

Akwai masu ganin wannan buri raunin tawakkali ne. Ban yarda ba. Annabi da kansa ya ce mafi alherin mutane shi ne wanda rayuwarsa ta yi tsawo, aikinsa ya yi kyau. Sai dai Inna ta sa na gyara lafazin addu'ata. Ta haura 90 a lissafinmu. Kullum da safe in na durƙusa gaishe ta sai ta ce, "Ɗan nan, an ba tumakin ruwa?" Tumakin da aka sayar tun mahaifina na da rai. Takan kira matata da sunan ƙanwarta, amma Fatiha ba ta taɓa kuɓuce mata ba. Irin wannan tsufan ne Annabi ya nemi tsari daga gare shi. Don haka nake roƙon tsawon rai tare da hankalina, da ƙafar da za ta kai ni masallaci.

Uwargida ce ta ce, "Malam, a haɗa da magani." 'Yata ta kawo na'urar awon jini, ta ɗaura mini a dantse ta ce, "Baba, jininka ya hau sosai." Daga nan aka rage gishiri da magi a miyata, na fara shan ƙwaya kullum, ina kuma tattaki bayan sallar asuba.

Saura hadisin da ya ce mai son a buɗa masa arziki a jinkirta masa ajali ya sada zumunci. Dangin Inna suna Damagaram, an daɗe ba a ga juna ba. Da aka buɗe iyaka a Disamban 2020 na kama hanyar Maigatari. Yadda na same su, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.