Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Jinyar Baba a Gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haduwa. Wancan satin na tsaya ne a inda aka sallamo Baba daga asibitin Murtala bayan shanyewar barin jikin da hawan jini ya jawo masa, to yau daga nan zan dora.

Barin dama ne ya tafi, hannu da kafa, bakin ma ya dan karkace, magana kuwa sai kalma daya biyu da kyar. Kafin mu fito wata nas ta ja ni gefe ta ce mu rika juya shi duk bayan awa 2 dare da rana, in ba haka ba kugunsa da dunduniyarsa za su yi gyambo, kuma gyambon kwanciya in ya bude sai Allah. Ni da kanina muka raba dare, shi daga isha zuwa karfe 2, ni daga nan har asuba, filo daya a baya daya tsakanin gwiwoyi.

Amma wallahi ba rashin baccin ne ya fi ba ni wuya ba. Ni dan fari ne, kun san halin iyayenmu na da, Baba bai taba kiran sunana ba tunda nake, sai dai "kai" ko "yaron nan", ko kwano daya ba ma ci. Gashi Umma ciwon baya ya hana ta daga shi, kannena mata kuma ba zai yiwu ba, dole wanka da tsarki da canza famfas suka dawo kaina. Ranar farko da na shigo da baho sai ya juya fuska bango ya damke zanin rufarsa da hannun hagu, na ja ya ja, ga hawaye yana bin kuncinsa, na dade a tsugune ruwan har ya huce. Daga baya na gano dabara, ba na yaye zanin gaba daya, ta karkashi nake goge shi da tawul bangare bangare, ina masa hirar farashin gero da wake a kasuwar Dawanau tunda can ya yi rayuwarsa, in na fadi farashi sai ya girgiza kai wai karya nake, kafin ya ankara mun gama.

Abinci ma aiki ne. Ruwa zalla shi ya fi shake shi, kunu mai kauri ya fi wuce masa lafiya, sai an zaunar da shi sosai, cokali kadan kadan, kuma ba a kwantar da shi nan take. Gishiri da magi Umma ta rage, ya yi ta fushi.

Su kuma 'yan dubiya Allah ya saka musu, amma kowa da kullin maganinsa. Wata gwaggonmu har cewa ta yi a daina kwayar asibiti wai shafar iska ce. Na ce Gwaggo tofi da addu'a muna so, amma maganin hawan jinin nan ba mai taba shi. Har yau tana ganin na yi mata rashin kunya.

Zuwa fizio, wato wajen masu motsa gabobin da suka shanye a asibiti, kuwa ya gagare mu, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 shatar adaidaita ta zama abin da ta zama, sai muka samu wani yana zuwa gida, ya koya mana mikar da yatsu da gwiwa, ya kuma ja mana kunne kar mu kuskura mu daga shi ta hannun da ya shanye, kafadar na iya gocewa.

Ana haka ne wajen aikina suka ce hutun ya isa, ko in koma ko in ajiye. Sati mai zuwa insha Allah zan ba ku labarin zaman da muka yi da baffanninmu kan daukar mai jinya, da yadda maganar kudi ta kusa raba zumunci.