Godiya ga malamai da ma'aikatan lisen ɗiyata

Assalamu alaikum jama'ar Maraɗi. Alhamdu lillahi, sakamakon Bak, jarrabawar kammala lise (babbar sakandare), ya fito, ɗiyata ta samu, seri D ta ƴan kimiyya, a zagaye na biyu, wato damar da ake ƙara ba waɗanda makinsu ya kusa kaiwa. Ƴan uwa na Tibiri, Madarumfa da Gidan Rumji, da abokan zamana na babbar kasuwa, duk na ga barkarku, Allah ya bar zumunci. Sai dai akwai waɗanda suka fi ni cancantar wannan barka, kuma babu mai buga musu waya. Saboda su nake wannan rubutu.

Shekarar nan ta zo mana da nauyi. Mahaifiyarta ta kwanta ciwo tun shigowar sanyi, yarinyar kuma ita ce babbar mace a gida, jinya ta faɗo kanta, ta fara fashin aji. Surbeyan ɗinsu, mai lura da zuwan yara aji, yana iya aiko mini da takardar kira ya zauna a buro yana jirana, babu mai ganin laifinsa. Sai ga shi da babur ƙofar gidana bayan la'asar. Ya gaishe ni, ya tambayi mai jiki, sannan ya ce: "Alhaji, ba ƙara na kawo ba. Yarinyar nan tana da kai. A samo mai kwana da Hajiya, a bar mana ita da safe." Washegari na aika aka ɗauko gwaggonta daga Tibiri. Malam, Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira.

Sai Madam sakatariya. Lokacin haɗa takardun jarrabawa, ita ta lura sunan da ke kan takardar haihuwar yarinyar ya saɓa da na takardar BEPC, shaidar kammala ƙaramar sakandare, da harafi ɗaya. Harafi ɗaya tak, a cikin tarin takardun ƴan aji na ƙarshe da ke jibge gabanta. Ta kira ni, ta faɗa mini ofishin da zan fara zuwa da wanda zan bi daga baya, ta ware takardun ɗiyata gefe guda har na kammala kafin a rufe karɓa. Duk wanda ya taɓa bin gyaran suna ya san abin da matar nan ta raba mu da shi. Da na kai mata ɗan abin goro, cewa ta yi in ƙara a kuɗin maganin Hajiya.

Malamai kuwa ban san ta ina zan fara ba. Na lissafi, na fizik da shimi, na SVT (kimiyyar halittu da ƙasa), su ne masu manyan maki a seri D, kuma mafi yawan waɗanda suka koyar da ita ƴan kwantaragi ne. Kowa a garin nan ya san yadda ɗan abin da ake ba su yake, da yadda wata kan shiga wata bai zo ba. Duk da haka cikin Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, kwanon aji kamar tanda, suna tara yara ranar Asabar suna bitar tsofaffin tambayoyin Bak, ba su karɓi ko dala ba. Malamin lissafi ya ware waɗanda makinsu bai kai 10 bisa 20 ba, har da tawa, ya koma da su baya inda aka wuce su. Da sunanta ya fito cikin ƴan zagaye na biyu tana kuka, shi ya zaunar da su gindin bedi ya ce a buɗe kaye, ba a gama ba tukuna. Masu cewa malaman yanzu yajin aiki kaɗai suka sani, ni dai ga abin da idona ya gani.

Provizar da sansar, shugaban lise da mataimakinsa, na gode da haƙurin da kuka yi da mu, da uzurin da kuka karɓa ba tare da kun kunyata yarinya gaban ƴan uwanta ba.

Baba mai gadi shi ke buɗe ƙofa bayan asuba, shi ke rufewa. Da jarrabawa ta matso yakan bar fitilar aji ɗaya kunne don masu karatun dare, ƙarfe tara na yi ya kori ƴan mata gida, ya tsaya bakin titi har sai kowace ta hau kabu-kabun da ya san mai shi. Kuma ba ya wasa da wuta. Tun gobarar da ta tashi a azuzuwan zana na wata makarantar firamare a garin nan cikin Nuwamba 2021, wadda ta ci yara fiye da 20, Allah ya jiƙansu, bai yarda mai tuya ko mai shayi ya matso kusa da rumfa ba. An sha ce masa masifaffe a kan haka, ko a jikinsa.

Ina godiya ga masu shara da mai cika randuna, da ɗan aike, da mai kula da ɗakin littattafai da ya riƙa ara mata littafi ta tafi da shi asibiti. Haka Inna mai wake da shinkafa ta bakin ƙofa, wadda ta ciyar da ita bashi lokacin da gidanmu ba a ɗora tukunya da safe. Na je na biya, amma sai da muka yi ja-in-ja kafin ta karɓa.

Hajiya ta samu sauƙi, tana gaishe ku da kyau. Yarinya kuma tana shirin kai takardunta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, a taya mu addu'a. Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar akwai ɗan karatu da walima a gida, duk ma'aikatan lise ina gayyatarku, kowa ya zo da iyalinsa. Baba mai gadi da Inna ba su da Facebook, don Allah wanda ya bi ta ƙofar makaranta ya tsaya ya karanta musu.