TARIHIN RAYUWATA, KASHI NA 17: Neman wadda za ta kula da Hajiya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wancan satin mun tsaya a inda aka sallamo Hajiyarmu daga Asibitin Malam Aminu Kano bayan ta yi sati uku a kwance, hawan jinin nan ya buge mata ɓarin dama, hannu da ƙafa ba sa motsi, magana ma sai ka kasa kunne sosai.

Toh da muka dawo gida Gwammaja aka raba kwana tsakaninmu mata uku, ni da Yaya da autarmu. Satin farko gida cike, kowa da kular abincinsa, kafin wata biyu an watse. Yaya ciwon baya ya sa ta gaba saboda ɗaga Hajiya, auta tsohon ciki gare ta, ni kuma ina koyarwa a firamare kuma a Hotoro nake aure, in tashi daga makaranta in hau adaidaita biyu kafin in iso, in kwana ina juya ta, da asuba in koma in shirya yara. Maigidana bai taɓa cewa uffan ba, Allah ya saka masa, amma ina gani gidan nawa yana lalacewa.

Abin da ya tayar min da hankali ranar wata Juma'a ne ina goge mata jiki na ga fatar ƙugunta ta baya ta yi duhu ta fara saɓulewa. Mai gashin ƙashin da ke zuwa mana sau biyu a sati ya duba ya ce farkon gyambon kwanciya ne, dole duk awa biyu a juya ta dare da rana, kuma kar a bar ta da lema a jiki. Na shiga banɗaki na yi kuka, don na san ni ce na yi barci a daren.

Da na kawo maganar a ɗauko mai jinya daga kamfani, Gwaggo ƙanwar Babanmu cewa ta yi, "Yanzu ku uku mata ta haifa, a ce bare ce za ta ga tsiraicinta? Me za a ce da ku a unguwa?" Wallahi maganar ta soke ni. Na ce Gwaggo ki yi haƙuri, ba gudunta muke ba, hannu ne ya yi mana kaɗan. Yayanmu namiji da ke Kantin Kwari shi ya raba gardamar, ya ce kuɗi a raba, a nemo.

Waje uku na je. Na farko a Instagram na gan su, hotuna masu kyau, na kira suka ce in tura kuɗin wata uku gobe a kawo min nas. Na ce ina ofishinku, aka fara kwana-kwana, na ce nas ɗin tana da lasisi, aka ce ai duk sun ƙware. Daga nan ban sake kira ba. Wata ƙawata nas ce ta buɗe min ido, ta ce nas ta gaske tana da rajista da hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa, kuma lasisin sabunta shi ake yi, in ce a nuna min. Ta ce takardar CAC shaidar rajistar kasuwanci ce kawai, ba ta nuna sun iya jinya, masu harkar lafiya ta kuɗi a Kano hukumar PHIMA ce ke sa musu ido. Sannan ta bambance min abin da ban sani ba, mai jinya daban nas daban. Wanka, canza famfas, ba da abinci, juyawa, wannan mai jinya ce. Allura, wankin ciwo, sa robar fitsari, wannan sai nas. In ka ɗauki nas ta zauna wuni kuɗin ba zai ɗauku ba, in kuma ka bar mai jinya ta yi aikin nas ka cuci majinyacinka.

Na biyu suna da ofis, amma yarinyar da suka turo ba ta jin Hausa sosai, Hajiya kuma ga harshe ya karye. Ba laifinta ba ne, tana da kirki, sai dai Hajiya za ta ce ruwa sau uku ba a gane ba. Kwana biyu muka ba su haƙuri.

Na uku wata dattijuwar nas ce da ta yi ritaya ta buɗe, kuma abin da ya fara kwantar min da hankali ba ta yi maganar kuɗi a waya ba, cewa ta yi sai ta zo ta ga majinyaciyar. Ta zo ta durƙusa ta gaishe ta, "Hajiya ina wuni, ya ƙarfin jiki," ta duba bayan, ta karanta takardun asibiti da magunguna, ta tambayi ko tana ƙwarewa in tana shan kunu. Ta ce kar mu sake ba ta komai a kwance, a zaunar da ita sosai kuma a bar ta a zaune bayan ta gama, don abinci kan bi ta hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu. Ta leƙa banɗakin ta ce a samo kujerar bahaya da katifar iska.

Ni ma na zo da tambayoyina a takarda. In mai jinyar ba ta da lafiya ko ta yi tafiya wa zai zo? Wa ya tsaya mata, akwai garanto da NIN da adireshi? In abu ya ɓace a ɗaki wa za a kama? In ba mu daidaita ba za a canza mana ba tare da sabon biya ba? Duk ta amsa, kuma muka rubuta muka sa hannu, har da cewa ba 'yar aiki ba ce, ba za a sa ta wankin gida ko aiken kasuwa ba, kuma tana da hutun kwana ɗaya a sati. Wannan sharaɗin ya burge ni, don wadda aka gajiyar ba za ta iya tausasa wa tsohuwa ba. Kuɗin kam ba kaɗan ba ne, kasona kawai ya ci kusan rabin albashina.

Aka turo mana wata bazawara 'yar Kurna, za ta yi shekara arba'in, gwajin sati ɗaya, daga safe zuwa magariba, dare kuma namu ne. Ranar farko Hajiya ta juya fuska bango ta ƙi ko kallonta. Matar ba ta matsa ba, ta zauna gefe. Da aka kira azahar sai ta ce, "Hajiya lokaci ya yi, in kawo ruwa in yi miki alwala ko taimama za ki yi?" Ta rufe ƙofa, ta lulluɓe ta da zani ta yi mata tsarki ba tare da ta buɗe mata jiki duka ba, ta gyara mata filo ta fuskantar da ita gabas. Ina tsaye bakin taga ina kallo, na tuna sau nawa ni 'yarta na bari azahar ta haɗu da la'asar saboda gajiya.

A kwana na huɗu na shigo na tarar tana taje mata kai, Hajiya na ƙoƙarin ba ta labarin aikin hajjinta. Gwaggo na zaune kan tabarma ba ta ce komai ba, da za ta tafi dai ta ajiye wa matar goro biyu.

Gyambon ya ɗauki kusan wata kafin ya kame. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin daren da sugan Hajiya ya faɗi ina ni kaɗai a ɗakin. Ku sa ta a addu'a don Allah.